Injin Porsche 911 a baya: basira ce ko taurin kan Jamusawa?

Ɗan_Fanteka:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau da tsokana na zo, kuma na san masoya Porsche ba za su ji daɗi ba. Ni a ganina 911 kuskure ce tun daga takardar zane. An ɗauki inji, wanda shi ya fi komai nauyi a jikin mota, an rataya shi can bayan tayoyin baya. Ba tsakiya ba, baya ƙarshe. Tun 1963 injiniyoyinsu ke ta faci a kan wannan kuskuren, sun ƙi matsar da injin kowa ya huta. Ku duba Ferrari da Lamborghini da McLaren, motocinsu na gudu injin na tsakiya. Corvette ta Amurka ta yi sama da shekara 60 da inji a gaba, da ta tashi sauyawa a 2020 tsakiya ta kai shi. In da dabara ce mai kyau ai da tuni an kwaikwaya. Mai hujja ya kawo, ban da zagi.

Maitotur:
Wa alaikumus salam. Kai dai faɗi gaskiya, kuɗinta ne ba ka da shi 😂

Ɗan_Fanteka:
Da ni da kai duk layi ɗaya muke bi a tasha, Maitotur. Hujja na ce.

Ummu_Hanan:
Don Allah kafin ku yi nisa a fahimtar da mu. Ni duk injin da ke bayan direba na ɗauka baya yake. Ina bambancin tsakiya da baya?

Injiniya_Bashar:
Hajiya, tayoyin baya su ne iyaka. In injin ya zauna tsakanin kujerar direba da layin tayoyin baya, tsakiya ke nan. In ya tsallake layin ya zauna a bayansa, shi ne baya. A 911 giyabos ne ke gaba, injin na biye da shi. A Ferrari mai inji a tsakiya kuwa injin ne gaba, giyabos a baya. Shi ya sa kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin 911 ke kan tayoyin baya.

Abin da Ɗan Fanteka ke kuka da shi gaskiya ne. In kika jefa gatari, kan ƙarfen ne ke neman riga ƙota isa. Haka tsohuwar 911 take a kwana. Mutum ya shigo da gudu, tsoro ya kama shi, ya ɗage ƙafa daga totur. Nan take nauyi ya zubo gaba, tayoyin baya su rasa abin da ke danne su, gindin motar ya zagayo. Kafin ya ankara yana kallon inda ya fito. Maganin shi ne kar a saki totur a tsakiyar kwana, wanda kuwa ba shi zuciya ke raya wa mai jin tsoro ba.

Amma bai faɗi ɗaya ɓangaren ba. Wannan nauyin shi ke danne tayoyin da ke tura motar, don haka in ka taka wuta wajen fita daga kwana ba ta sulɓewa, sai dai ta cafki kwalta ta tafi. Wajen birki ma haka. Kowace mota in ka taka birki nauyinta na komawa gaba. Mai inji a gaba sai tayoyin gaba su ɗauke kusan duk aikin, na baya suna hutu. A 911 kuwa sai nauyin ya daidaita, tayoyi huɗun su yi aiki tare. Direbobin tsere sun daɗe da sanin cewa a birki da fita kwana take cin abokan hamayya.

Ummu_Hanan:
Na gode Injiniya, yanzu na gane.

Baba_Kakuri:
Yara kuna ta maganar kuskure, ba ku tambayi daga ina abin ya taso ba. Wannan tsarin ai na Beetle ne. Mu da muka koyi kanikanci a Kaduna a shekarun 1970 mun san shi kamar yunwar cikinmu. A 1975 aka fara haɗa Volkswagen a Legas, shekarar da Peugeot ta fara a nan Kakuri. Malaman makaranta da ƙananan ma'aikata duk Beetle ce motarsu ta farko. Inji a baya, fistin huɗu a kwance biyu na kallon biyu, babu lagireto, babu ruwa, fanka ce kawai ke hura iska. Abu ɗaya muke gargaɗin mai ita: fanbel. In ya tsinke ka tsaya nan take, kar ka ce bari in ƙarasa gida.

Kuma abin da Injiniya ya faɗa na gan shi da idona. Da damina a hanyar ƙauye, inda manyan motoci ke kafewa a laka, ita sai ta lallaɓa ta wuce, don nauyin na kan tayoyin da ke aiki. Masu tafiya mai nisa kuma sukan ajiye buhu a but ɗin gaba don hancin ya zauna in iska ta taso.

Maitotur:
Baba ya zo, an gama magana. Allah ya ƙara lafiya.

Malam_Tarihi:
Baba ya yi daidai, ranka ya daɗe, sai dai akwai wani abu da zai faranta wa Ɗan Fanteka rai. Porsche ta farko a duniya injinta a tsakiya yake.

Ferdinand Porsche ya buɗe ofishin zanen motoci a Stuttgart a 1931, shi ya tsara Beetle, kuma ofishinsa ne ya tsara motocin tseren Auto Union na 1934 masu silinda 16 a bayan direba, gaban tayoyin baya. Wato gidan sun san amfanin tsakiya tun kafin Ferrari ya fara ƙera mota da sunansa. Lokacin yaƙi aka kwashe ofishin zuwa Gmünd, wani ƙaramin gari a Ostiriya, cikin tsohuwar ma'aikatar yankan katako. A can ɗansa Ferry ya haɗa 356 mai lamba ɗaya, aka yi mata rajista ranar 8 ga Yuni 1948. Kayan Beetle ya yi amfani da su, amma ya juya injin ya sa shi a tsakiya. Da aka zo yin na sayarwa sai aka mayar da shi baya yadda yake a Beetle, don ya fi araha, ya fi sauƙin haɗawa, kuma an sami fili a bayan kujeru. Kusan 50 suka yi a Gmünd da bodin alminiyom da aka bubbuga da hannu, sannan suka koma Stuttgart a 1950.

Ɗan_Fanteka:
Allah ya saka da alheri Malam! To kun ji. Su da kansu sun san inda ya dace, talauci ne ya mayar da shi baya. Bayan talaucin ya wuce kuma girman kai ya hana su gyarawa.

Malam_Tarihi:
Tunda na fara ba ka makami bari in ƙara maka. 911 ɗin farko, mai silinda shida, lita 2, ƙarfin doki 130, ta zo da matsalar riƙe hanya har sai da kamfanin ya riƙa cusa ƙarfen zubi a kusurwoyin bambar gaba, kilo 11 kowane gefe. Motar gudu, wadda ake ƙirga kowane kilo, an ɗora mata mataccen nauyi. A samfurin 1969 suka ja tayoyin baya da milimita 57 don rage abin da ke reto a baya, suka kuma raba batir biyu a gaba.

Ɗan_Fanteka:
Buhun da Baba ya ce ana sa wa Beetle, ashe su ma sun sa nasu 😂😂 Na rufe shari'a.

Hajjaju_Carrera:
Ba ka rufe komai ba, ƙanena. Kana auna ta da ma'aunin da ba nata ba. Ferry Porsche ba motar filin tsere kaɗai ya nema ba. Ya so motar da mutum zai je aiki da ita ranar Litinin, ya ɗauki yara biyu a baya, ya sa jaka a gaba, ranar Lahadi kuma ya shiga gasa. Sa injin a tsakiya, ina kujerun bayan za su zauna? Wurin da injin Ferrari yake, nan ne kujerun 911 suke. Kai ka kira shi kuskure, ni na kira shi ciniki: an ba da wani abu an karɓi wani. A watan Mayun 2017 suka fitar da 911 ta miliyan ɗaya daga masana'antarsu ta Zuffenhausen a Stuttgart. Wace motar gudu mai inji a tsakiya ce ta ko kusanci wannan?

Na taɓa tuƙa 911 samfurin 997 ta wani ɗan uwana a ƙasar waje. Abin da ya ba ni mamaki ba gudun ba ne, sitiyarin ne. Da yake babu nauyi a kan tayoyin gaba, duk abin da taya ta taka sai ka ji shi a tafin hannunka. Kuma kana ganin ko'ina, ba kamar waɗancan da in za ka yi ribas sai an tsaya maka ba.

Maitotur:
Kujerun bayan 911 kuma Hajiya? Ko ɗan yaye sai ya naɗe ƙafa.

Tifosi_Kano:
Ni dai gyara ɗaya zan yi wa mai tambaya. Ka ce Ferrari tsakiya, kamar dama can haka take. Enzo Ferrari na cikin waɗanda suka fi kowa jan ƙafa a wannan. Ana jingina masa maganar cewa doki jan keke yake yi, ba tura shi ba. Sai da ƙananan motocin Cooper na Ingila suka cinye gasar Formula 1 a 1959 da 1960 da Jack Brabham, injinsu a bayan direba, sannan ya sauko. A 1961 ya fito da 156, Phil Hill ya ci kambu da ita. A motocin titi ma ya ƙi sa V12 a tsakiya har 1973. Dino mai V6 da ta riga fitowa ko tambarin Ferrari bai sa mata ba. 250 GTO ta 1962, wadda guda 36 kacal aka yi kuma yau take cikin motoci mafi tsada a duniya, injinta a gaba yake. Har gobe babbar V12 ta Ferrari ta titi, irin su 812, a gaba injin yake. To ina dokar da ta ce tsakiya kaɗai ne daidai?

Sa_Mai_Faɗa:
Faɗi wanda ya tilasta masa mana, kana ta kewaye-kewaye. Mai tarakta ne. Ferruccio Lamborghini da ragowar kayan motocin soja ya fara haɗa tarakta bayan yaƙi, ya yi kuɗi, ya sayi Ferrari, kulocinta ya dame shi, ya je ya gaya wa Enzo, Enzo ya ce masa je ka ka ji da taraktocinka. Haushin wannan ya sa ya kafa kamfaninsa a Sant'Agata Bolognese a 1963. Shekara uku kacal, a baje kolin Janiba na 1966, sai ga Miura: V12 lita 3.9 an gicciya ta a bayan direba. Samari ne suka yi ta, Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani da Bob Wallace, Marcello Gandini na kamfanin Bertone ya zana bodin yana ɗan shekara 27. Daga ranar duk wata babbar motar gudu ta zama tsohon yayi.

Tifosi_Kano:
Labarin kulocin nan daga bakin ɓangaren Lamborghini ya fito, kuma kowa da yadda yake ba da shi. Kar ka kawo mana shi kamar kana wurin. Sannan Miura ɗin da kake yabo tankin manta a gaba yake. Mai na raguwa, hanci na yin sauƙi, a babban gudu gaban ya fara ɗagawa. Kowa da nasa aibin.

Sa_Mai_Faɗa:
Ko ba na wurin, motar dai ta fito, kuma 'yan Ferrari sun kwashe shekara bakwai kafin su mayar da martani.

Zango_Kumasi:
Abin dariyar shi ne yau Lamborghini na hannun Audi tun 1998, Audi da Porsche kuma duk gidan Volkswagen ne. Kuna faɗa a kan 'yan ɗaki ɗaya.

Mai_Gida_Admin:
Jama'a a dawo kan 911. Masu rigimar Italiya su buɗe nasu zauren.

Injiniya_Bashar:
Ɗan Fanteka, batun girman kai da ka kawo bai zauna ba, don sun yi yunƙurin kashe ta da hannunsu. A shekarun 1970 shugaban kamfanin, Ernst Fuhrmann, wanda shi ma injiniya ne, ra'ayinku ɗaya. Yana ganin dokokin hayaƙi da na ƙara, musamman a Amurka, za su gama da inji mai sanyaya da iska. A can kuma an riga an yi wa Chevrolet Corvair, mai inji a baya, terere a kan batun hatsari tun 1965. Sai suka ƙera 928 a 1977: V8 a gaba, ruwa ke sanyaya ta, giyabos a baya don nauyi ya rabu daidai. Duk abin da littafin injiniya ya ce a yi sun yi. Har ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1978. Ita aka shirya ta gaji 911.

Masu saye suka ƙi. 911 ta ci gaba da fin ta kasuwa. A 1981 aka kawo Peter Schutz, Ba'amurke haifaffen Jamus, ya zama shugaba. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa ya shiga ofishin babban injiniya Helmuth Bott, ya ga jadawali a bango inda layin 911 ya tsaya, ya ɗauki alƙalami ya ja layin har ya fita daga takardar ya hau bango. A 1995 aka daina 928. Don haka in akwai mai taurin kai, masu saye ne.

Ɗan_Fanteka:
Injiniya, masu saye ba su ne ma'aunin daidai ba. Mutane na sayen sigari ma. Ita ce fa motar da Turawa suka yi wa laƙabi da mai sa mata takaba.

Oga_Ƙofar_Ruwa:
Wannan laƙabin na Turbo ce, 930 ta 1975, ba duka 911 ba. Kuma rabin laifin na turbon ne. Lita 3, doki 260, giya huɗu kacal masu tsawo. Turbon zamanin babba ne guda ɗaya, ka taka totur shiru kamar ba komai, sai injin ya hau sama sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar an tunkuɗe ka. In wannan ya same ka a tsakiyar kwana, ka tsorata ka saki, to abin da Injiniya ya bayyana a sama ne zai faru. Masu kuɗin da suka saye ta da yawa ba su taɓa tuƙa irinta ba.

Ɗan_Agadas:
Sannunku 'yan Najeriya. Ina karantawa tun ɗazu, ba wanda ya ambaci abin da mu muka gani a ƙasarmu. A shekarun 1980 tseren Paris-Dakar ta wajenmu yake bi, daga Aljeriya su shigo Nijar, su sauka Agadas, su ratsa Tenere. Muna yara, garin kan cika da baƙi da jirage da manyan motoci, har makaranta ba ta zaunuwa. Kowa ya san rairayi sai kat-kat mai tsayi irin Range Rover ko Pajero. Sai ga Porsche ta kawo 911 an ɗaga mata ƙafa, an ba ta ja huɗu, sunanta 953, René Metge ya ci tseren 1984 da ita. A 1985 suka kawo 959 guda uku, ba wadda ta kai Dakar. A 1986 suka dawo, Metge na ɗaya, Jacky Ickx na biyu. Shekarar ce mai shirya tseren, Thierry Sabine, ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali. Motar da ta ratsa Tenere injinta na baya, ni ba zan kira ta kuskure ba.

Baba_Kakuri:
Madalla da ɗan Agadas. Abin da na faɗa a kan laka ke nan, rairayi ma haka.

Ɗan_Fanteka:
Yaya na Agadas, ka ce da bakinka an ba ta ja huɗu. Wato sai da aka kai ƙarfi tayoyin gaba kafin ta iya. Wani facin ke nan.

Malam_Tarihi:
A nan kam ban bi ka ba. 911 mai jan baya zalla ta ci tseren Monte Carlo, kan duwatsu da ƙanƙara, a 1968 da Vic Elford, sannan 1969 da 1970 da Björn Waldegård. A 1979 kuma 935, wadda daga 911 Turbo aka gina ta kuma injinta na nan a baya, ta ci Le Mans gaba ɗaya, tseren awa 24, a gaban motocin da don tseren kaɗai aka ƙera su.

Tifosi_Kano:
Amma Malam, da Porsche ta tashi neman Le Mans da gaske me ta kawo? 917 a 1970, silinda 12 a tsakiya. 956 da 962 tsakiya. Ko wadda suka kira 911 GT1 da ta ci a 1998, suna kawai ta ara, injin na tsakiya. Mafi muni, 911 RSR ta 2017, motar tseren kamfanin da kansa, sun juya ta, inji gaba giyabos baya. Wannan ba amsa laifi ba ne?

Injiniya_Bashar:
Dalilin RSR iska ce, ba riƙe hanya ba. A ƙarƙashin gindin motar tsere akwai wani faffaɗan rami mai hawa sama wanda ke zuƙe iska ya manne motar da ƙasa. Injin 911 a daidai wurin yake zaune, ya tare hanya. Da suka matsar da shi suka sami filin faɗaɗa ramin, kuma tayoyin baya suka rage saurin cinyewa a dogon tsere. Wannan matsalar mai gudun kilomita 250 a kwana ce, ba ta mai zuwa ofis ba. Ita kuwa GT3 R da GT3 Cup da ake sayar wa masu tsere, injinsu na baya.

Abin da zan yarda da shi shi ne sun daɗe suna turo injin gaba kaɗan-kaɗan ba tare da sun yi shela ba. Tazarar tayoyin gaba da na baya ta tashi daga milimita 2,211 a farko zuwa 2,450 a samfurin 991 na 2011. A samfurin 993 suka sake ƙafar baya gaba ɗaya. Daga 2013 wasu samfuran har tayoyin baya na juyawa kaɗan tare da sitiyari. Ga kwamfuta mai kama birkin taya ɗaya-ɗaya in ta ji gindin zai zame. Ta yau ko sabon direba zai tuƙa lafiya.

Ɗan_Fanteka:
Shekara 60 ana faci. Na gode da ka lissafo min su da kanka.

Hajjaju_Carrera:
Abin da kake kira faci shi ake kira aikin injiniya. Wace mota ce aka haifa cikakkiya?

Abu_Sumayya:
Ni wani abu ne ke damuna da yadda ake ta yabon gidan Porsche kamar waliyyai. Ferdinand ɗan jam'iyyar Nazi ne, Hitler ne ya ba shi aikin Beetle, ya zana tankokin yaƙi, kuma masana'antar Volkswagen ta yi amfani da mutanen da aka tilasta wa aiki lokacin yaƙi. Adolf Rosenberger, Bayahuden da aka kafa ofishin da shi da kuɗinsa, a 1935 aka raba shi da hannun jarinsa, ya ƙare a gudun hijira. Faransawa sun tsare Ferdinand daga ƙarshen 1945 zuwa 1947, da kuɗin aikin motar tseren Cisitalia ta Italiya aka yi belinsa. Ko tsarin inji a bayan ma, kamfanin Tatra na Cekoslobakiya ya yi ƙarar cewa an ɗebi dabarun injiniyansu Hans Ledwinka, kuma Volkswagen ta biya diyya a shekarun 1960.

Maitotur:
To fa. Daga kwana mun faɗa siyasa.

Malam_Tarihi:
Ba siyasa ba ce Maitotur, tarihi ne, kuma duk abin da ya faɗa haka yake. Sai dai Ferdinand ya rasu a Janairun 1951, bai ga 911 ba. Jikansa Ferdinand Alexander, da ake kira Butzi, shi ya jagoranci zanen bodin, Hans Mezger da wani jikan, Ferdinand Piëch, suka yi aikin injin. Baba zai ji daɗin wannan: da sunan 901 aka nuna ta a Frankfurt a 1963, Peugeot ta ce lamba uku mai sifili a tsakiya nata ne a Faransa, dole aka mayar da ita 911 bayan an riga an haɗa guda 82.

Ummu_Hanan:
Tambaya ta biyu. Irin wannan inji mara ruwa zai iya zafin Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, a cikin cunkoso?

Oga_Ƙofar_Ruwa:
Hajiya, sunan dai iska ne, amma rabin aikin baƙin mai ke yi. Tsohuwar 911 na shan sama da lita 10, a tanki daban yake zama ba a ƙasan inji ba, famfo na zagayawa da shi ta cikin abin sanyaya mai. Muddin tana tafiya lafiya lau. Tsayuwa a go-slow da rana tsaka, ga na'urar sanyi a kunne, shi ne ba ta so. Amma ki sani tun 1998 aka rufe wannan babin, 993 ce ta ƙarshe. Daga samfurin 996 da ya gaje ta ruwa ne, lagireton na can gaba, bututu ya bi ƙarƙashin mota har baya. Dole ce ta sa: suna son bawul huɗu a kowace silinda, iska ba ta iya sanyaya kan injin, ga dokokin hayaƙi da ƙara. Kamfanin ma a lokacin ya kusa durƙushewa, har sai da Wendelin Wiedeking ya ɗauko tsofaffin injiniyoyin Toyota suka koya musu rage ɓarna a masana'anta, aka kuma sa 996 ta raba kayan gaba da ƙaramar motarsu Boxster. Mai sha'awar tsohuwar 996 ko 997 ta farko ya bincika batun boris ɗin IMS, wani boris a cikin injin da kan lalace, sananniyar magana ce, har kotu ta kai a Amurka.

Zango_Kumasi:
Mai tambaya ya ce ba wanda ya kwaikwaya. Alpine A110 ta Faransa fa? Inji a baya, ita ta ci kambun duniya na rali na farko a 1973.

Ɗan_Fanteka:
Da Renault ta farfaɗo da A110 a 2017, ina ta sa injin? Amsa min da kanka 😂 Kuma ga Cayman a cikin gidan Porsche, inji a tsakiya. Ni na yi imani da gangan suka daɗe suna rage mata ƙarfi don kar ta kunyata yayarta.

Hajjaju_Carrera:
Wannan zargin ko ni ban musa shi ba. Amma je ka tambayi mai Cayman wace mota yake mafarki.

Baba_Kakuri:
Tunda Malam ya taɓo Peugeot, bari in tuna muku abin da 'yan Porsche ba sa son ji. Safari Rally ta Kenya sun yi ta nema ba su taɓa ci ba. A 1978 sun zo da shiri sosai, 911 SC guda biyu, suka ƙare na biyu da na huɗu. Wa ya zo na ɗaya? 504. Inji a gaba, lagireto da ruwansa.

Tifosi_Kano:
Baba ranka ya daɗe, waccan 504 mai ƙofa biyu ce mai V6, Jean-Pierre Nicolas ya tuƙa. Ba irin ta tashar Kawo ba ce.

Baba_Kakuri:
To ta 1975 da Ove Andersson ya ci da ita fa? Ƙofa huɗu ce, silinda huɗu, irin wadda muke kwancewa kullum. Je ka duba ka dawo.

Ɗan_Agadas:
Kuma shi wannan Nicolas ɗin, a farkon shekarar 1978 ɗin, da 911 ya ci Monte Carlo. Sai ku raba mana gardama, mota ce ko direba.

Maitotur:
Admin a buɗe wa 504 zaurenta daban, Baba ya hau ba zai sauka yau ba.